Takin Tallafi Na Gona Ne

Ba sai na koya muku noma ba. Kun fi ni sanin masarar da ke jin yunwa, da ganin ganyenta ya yi ɗorawa kun gane. Yau kan takin da gwamnati ke rage wa kuɗi za mu yi karatu.

Tallafi shi ne gwamnati ta biya wani kaso na kuɗin buhu, manomi ya cika saura. A shekarar 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, aka fito da tsarin turo wa manomi saƙo ta waya. A lokacin, wanda ya yi rajista sai ya je wurin dillalin da aka amince da shi, ya nuna saƙon, ya karɓi buhu biyu, NPK da Yuriya, masu kilo 50, a kan rabin kuɗi. Gwamnatin tarayya da ta jiha ke biyan ɗaya rabin a wancan lokacin. An yi haka ne saboda a da takin kan salwanta a hanya kafin ya iso ƙauye.

A wancan tsarin rajista ba wuya. Manomi kan nemi malamin gona, ya ba da sunansa na gaskiya da lambar wayarsa. Shi ke nan.

Ga inda matsalar take. Kada ka sayar da takin tallafi. Ranar rabo 'yan kasuwa na nan a bakin ƙofa da kuɗi a hannu, suna cewa, "Kawo mu rage maka ɗaukar kaya." Kada ka sayar.

Wani maƙwabcina ya dawo daga rabo da ƙunshin tsire da sabuwar hula, bayan babur fayau. Uwargidansa tana tankaɗe ta ɗago kai.

"Sannu da zuwa, Malam. Ina takin?"

"Na sayar. Har riba aka ba ni."

"Riba! To hular za mu zuba wa masarar?"

"Ke dai ba ki san kasuwa ba."

"Kasuwa ban sani ba, amma rumbu na sani. Bara ma haka ka yi, kafin bazara muna awo. Akuyata da aka sayar har yau ban ga igiyarta ba."

Ya ce ta rage murya, maƙwabta na ji. Ta ce ai maƙwabtan tare suka sayar. Yara dai suka cinye tsiren.

Da damina ta yi tsakiya ya koma wurin ɗan kasuwar da ya sayar wa yana sayen taki tiya-tiya, da tsadar da ta cinye ribar har ta taɓa uwar kuɗi. Irin waɗannan su ne kan gaba wajen cewa gwamnati ba ta yi musu komai ba. Ni kam na gaji da jin su. Ko bikin wa ya taso, kada ka sayar da takin nan.

Ka kai shi gida, ka ɗora a kan katako inda danshi ba zai taɓa shi ba. NPK ana sa wa masara cikin sati biyu da shuka. Yuriya sai masarar ta kai sati biyar ko shida, ƙasa tana da laima. Ka tona ɗan rami nesa kaɗan da gindin shuka, ka zuba, ka rufe, don Yuriyar da aka bari a fili ƙarfinta iska yake bi.