Kafin a cire nama daga kwanon yaro

Iyaye a Nima da Maamobi, idan gida ya yanke shawarar barin nama, saboda tsada ko hawan jini, kada a yi wa ƙaramin yaro irin canjin da aka yi wa babba. Cikinsa ƙarami ne, koko da tuwo kan cika shi tun jiki bai samu abin ginawa ba. Wani zai ce ai waakye da ƙosai sun wadatar, tunda wake ne. Gaskiya wake da agushi da gyaɗa suna gina jiki, amma ba su da bitamin B12, kuma rashinsa yana taɓa jini da ƙwaƙwalwar yaro.

Don haka a ci gaba da shayarwa har shekara 2. A dama masa koko da niƙaƙƙiyar gyaɗa, a sa manja a miyar ayoyo, a ba shi lemon zaƙi bayan wake domin jiki ya fi jan sinadarin ƙarfe, kuma kada a haɗa masa abinci da shayi. In har ƙwai, madara da kifi ma za ku bari, ku tambayi ma'aikatan jinya maganin B12 ranar awo a asibitin Maamobi.