Injin jirgin ruwa yana faɗin ciwonsa kafin ya mutu

Birnin Damagaram ba shi da kogi, amma ƴan Zango da yawa sun san jirgin ruwa. Zango tun asali masaukin fatake ne, mutanensa kuwa ba su daina fita neman abinci ba. In an gama girbi, samari sukan kama hanyar gabas. Su wuce Gure da Difa, su kai Boso ko Ngigmi, a yankin tabkin Cadi. Wasu su shiga kamun kifi, wasu fataucin banda, wasu kuma su kama tuƙin jirgi mai inji.

Injin nan a bayan jirgi ake rataya shi. Wani mutumin Amurka mai suna Ole Evinrude ya fara ƙera irinsa don sayarwa a shekara ta 1909. Kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya fito da nasa a 1960. Wanda masunta suka fi sani shi ne Yamaha Enduro, mai ƙarfin doki 15, ko 25, ko 40. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Sau da yawa sai an sayar da bisashe, ko an ci bashi, kafin a same shi.

Tabkin kuwa ba ya tausayin inji. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu 25. Farin 1973 da na 1984 suka janye shi, har gefen Nijar ya ƙafe, itatuwan ƙaya suka tsiro inda kifi ke wasa a da. Da ruwa ya komo, sai ya tarar da su. Shi ya sa matuƙi ke gamuwa da kututture, da ciyawa, da rairayi, da guntayen tsohon taru. Duk abokan gaban inji ne.

Mota in ta mutu, direba ya sauka ya nemi inuwa. Jirgi in ya mutu a tsakiyar ruwa, babu inuwa, babu gareji. Iska ta kwashe shi, kifi ya ruɓe, wani lokaci har rai ya salwanta. Amma da wuya inji ya mutu bai yi gargaɗi ba. Matuƙi ne bai ji ba, ko ya ji bai gane ba.

Ruwan da ke tsartuwa a baya

Da zarar inji ya tashi, abin da za a fara dubawa ke nan. Akwai ƴar kafa a bayan kan inji, inda ruwa ke fita siriri kamar daga bakin buta. Wannan ruwa shi ne shaidar inji yana shan sanyi. A can ƙasa, cikin ƙafar inji, akwai ɗan famfo mai roba mai fukafukai. Robar ce ke jan ruwan tabki, ta tura shi sama ya zagaya inji ya sanyaya shi.

In ruwan ya tsaya, ko ya koma ɗigo, a kashe inji nan take. Kada a ce bari a ƙarasa gaɓa tukuna. A ɗaga ƙafar, a duba kafofin da ruwa ke shiga, ko ciyawa ko leda ta rufe su. A tsokaci ƴar kafar sama da siririn zaren taru mai tauri, don zanzaro yakan gina ɗakinsa a ciki in inji ya daɗe a ajiye. In an yi haka ruwa bai zo ba, to robar ta cinye. Rairayi ne ke cin ta. Abin da ya fi saurin kashe ta kuwa shi ne tayar da inji a tudu, ba cikin ruwa ba. Ko minti guda ba ta kaiwa take ƙonewa. Mai son ya gwada injinsa a gida ya tsoma ƙafarsa cikin duro cike da ruwa.

Robar nan ba ta fi tafin hannun yaro ba, kuɗinta kuma kaɗan ne. Amma in aka bar ta, zafi ya kama fistan ya manne, gyara ya koma na dubbai.

Inji ya ƙi tashi

Nan ne mutane ke yin asara saboda gaggawa. An ja igiya sau goma, shiru, sai a hau kwance kafireta. A'a. Ana farawa da abin da ba ya cin ko dala.

Akwai ƴar jar igiya da matuƙi ke ɗaurawa a hannu, mai ɗan maƙali a bakinta. In maƙalin ya fita daga wurinsa, inji ba zai tashi ba ko an kwana ana ja. An yi shi ne don in matuƙi ya faɗa ruwa, inji ya mutu, jirgi ya tsaya ya jira shi. Masu ɗaure wurin da waya don kada ya dame su, da ransu suke wasa.

Bayan wannan a duba giya, ta kasance a tsakiya, ba gaba ba, ba baya ba. Sannan a duba murfin tanki. A kansa akwai ɗan noti na shan iska. In yana rufe, inji yakan tashi ya yi ƴar tafiya, sa'annan ya shaƙe. A matsa robar da ke tsakiyar tiyon mai har ta yi tauri. Akwai kibiya a jikinta, kanta ya dubi inji, ba tanki ba. In an matsa an matsa ba ta yi tauri ba, tiyo ya tsage yana shan iska, ko mai ya ƙare.

Sai kuma shi kansa man. Fetur na kwalba da na jarka yakan zo da ruwa da ƙura. A zuba kaɗan a farar kwalba, a ajiye ya natsa. Ruwa ya fi fetur nauyi, za a gan shi kwance a ƙasa. In akwai shi, a zubar da na cikin matata da na gindin kafireta, a sake mai.

In duk wannan lafiya, sai a kwance buji, wanda wasu ke kira fulogi. Bakin buji kamar idon majinyaci yake wurin likita. In ya yi ƙasa-ƙasa kamar soyayyar gyaɗa, inji lafiya lau. In ya yi baƙi da kunkunniya, fetur ya yi yawa, wataƙila an manta cok a jawe. In ya jiƙe da maiƙo, baƙin mai ya yi yawa ko wuta ba ta zuwa. In kuwa ya yi fari fat kamar toka, wannan ya fi duka haɗari: inji yana yin zafi fiye da kima, fetur bai ishe shi ba. Mai gwada wutar buji ya nisanci tanki, ya share man da ya zube tukuna.

Gauraya mai

Injin Enduro gauraye yake ci, wato fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Awon da aka saba shi ne kashi 50 na fetur, kashi 1 na baƙin mai. Lita 25 ta fetur, rabin lita na baƙin mai ke nan. Sabon inji, a cikin awa 10 na farko, ana ninka masa: lita 25, lita guda. Littafin da ya zo da inji ya faɗi awon kowane iri, a bi shi. Baƙin man kuma nasa daban ne, a jikin galan an rubuta TC-W3. Na mota ba ya ƙonewa da kyau, sai ya toshe buji. Wanda aka juye daga mota kuwa, ko kyauta aka bayar ya yi tsada.

Wasu sukan rage awo don tattali. Mai yin haka ya tsimi kuɗin rabin lita, ya biya kuɗin fistan.

Inji yana kuka, jirgi ba ya tafiya

Wannan ciwon farfela ne. Ta daki kututture. A ƙananan injuna akwai ɗan ƙarfe da aka sa da gangan don ya karye, ya ceci giya. A manya kuma roba ce a cikin cibiyar farfela take sulɓewa. Kada a musanya ɗan ƙarfen nan da ƙusa. Ƙusa ba ta karyewa, sai haƙoran giya su karye a madadinta.

Lokaci lokaci a cire farfela a duba bayanta. Zaren taru yakan naɗe a wurin, ya yanke robar da ke tsare man giya. In an buɗe notin ƙasa aka ga man ya yi fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga. A sake robar, a sake mai mai lamba 90. Ko babu ciwo, ana sake shi bayan kowace awa 100 ta aiki.

Injunan da ke magana da lamba

Duk abin da aka faɗa a sama, da ido da kunne ake gane shi. Enduro mai kafireta ba ya magana da lamba. Amma akwai sababbin injuna, waɗanda baƙin mansu ke zaune a tukunyarsa daban kamar na mota. Da yawansu ba su da kafireta. Ƴar kwamfuta ce a ciki take auna musu mai, tana sauraron ƙananan na'urori masu jin zafi, da iska, da ƙarfin batir.

Irin wannan inji in ya yi zafi, ko baƙin mai ya kasa zagayawa, sai ya yi ƙara, jar fitila ta kama, ya rage gudu da kansa. Ba lalacewa ya yi ba, kansa yake cetowa. A tsaya a duba ruwan baya da awon baƙin mai. Wanda ya tsinke wayar ƙarar don ta ishe shi, kamar wanda ya toshe bakin mai gadi ne.

In kuma wata na'ura ta samu matsala, kwamfutar takan faɗa da lamba. Bakanike yakan haɗa wata ƴar fitila a jikin wayar inji, ya ƙirga ƙiftawarta. Ƙiftawa ɗaya, a ɗan dakata, sannan ƙiftawa biyar: 15 ke nan. A injunan Yamaha, lamba 1 tana nufin lafiya lau. Lamba 13, naɗin wayar da ke nuna lokacin ba da wuta. Lamba 15, na'urar jin zafin inji. Lamba 19, ƙarfin batir. Lamba 44, makashin inji, wato wurin jar igiyar nan. Suzuki da Honda da Tohatsu kowa da nasa lissafi. Kada a ɗauki lambar wani a fassara ta da littafin wani.

A lura da kyau a nan. Lamba tana nuna inda za a duba ne, ba ta ce a je a sayi sabon abu ba. Lamba 15 ba ta ce na'urar ta mutu ba, cewa ta yi saƙon da ke zuwa daga wurinta ba daidai yake ba. Sau da yawa waya ce ta yi tsatsa, ko ta saki, ko ɓera ya ci ta. Bakaniken kirki wayar yake fara bi. Matuƙi kuwa ya rubuta lambar a takarda, da ranar da ta fito, da abin da inji yake yi a lokacin. In ya aiko wa bakanike da wannan, an yi rabin gyara tun ba a ga injin ba.

Sayen kayan gyara

Yaro ya zo daga tabki, ya tsaya gaban mai kanti a Zango ko kasuwar Dole, ya ce: "Alhaji, a ba ni robar famfo ta doki 40." Maganar ba ta cika ba. Doki 40 iri-iri ne, robarsu ba ɗaya ba ce. In ya ɗauki wadda ba ita ba, sai ya yi tafiyar kilomita wajen 600 zuwa Ngigmi kafin ya gane.

A jikin maƙalin da ke riƙe inji da jirgi akwai ɗan allo na ƙarfe. Sunan inji da lambarsa suna kai. A kwafe su duka, harafi da lamba, kada a bar ko ɗaya. A injin E40X za a ga 66T. A E15D za a ga 6B4. Harafin S yana nufin gajeriyar ƙafa, L doguwa. Kowane kayan gyara na Yamaha kuma yana da tasa lamba a jikin ledarsa. Lambobi biyar na tsakiya su ne sunan abin. Robar famfo, alal misali, 44352 ce. Uku na farko su ne dangin injin da aka fara yi wa ita, don haka wani lokaci sukan bambanta da na allo. A tafi da tsohuwar, a aza ta kan sabuwa a gani.

Buji ma haka. B7HS da B7HS-10 kamar tagwaye suke a ido, amma ratar bakinsu ba ɗaya ba ce. Wanda ke da 10 a ƙarshe, ratarsa milimita 1 ce. A sayi wanda littafin inji ya ce.

Jabu ya yi yawa a kasuwa, ledarsa har ta fi ta gaske sheƙi. Robar kirki in an lanƙwasa fiffikenta takan koma daidai, ba ta tsagewa. Kayan da kuɗinsa ya faɗi ƙasa ƙwarai, a yi shakkarsa. Mai sayen tsohon inji kuma ya fara tambaya ko ana samun kayansa. An daina ƙera Evinrude tun 2020. Arhar injin da ba a samun kayansa kusa ba ta da amfani.

Abin da ba a barin gaɓa sai da shi: buji biyu sababbi da sifanarsu, robar famfo, ɗan ƙarfen farfela, igiyar tayarwa, filaya da sukurudireba. A sa su a gwangwani mai murfi, tare da takardar lambobin inji a cikin leda. Filafili da gora kuma su zauna cikin jirgi kullum, ko injin jiya aka fito da shi daga kwali.

Aikin aji

Malamin cibiya ya aro buji biyu ko uku daga wurin mai gyaran babur ko injin ban ruwa, don bujinsu ma yana da lamba. Kowane ɗalibi ya kwafe abin da ke jikinsu a allonsa, ya karanta da ƙarfi. Sannan a yi wannan lissafi: in lita 25 ta fetur tana cin rabin lita na baƙin mai, nawa za a zuba wa jirgin da ya ɗauki lita 75?