NAZARI: Kwaɗon Hana Kwafi A Wasannin Bidiyo Da Abin Da Yake Jawo Wa Mai Gidan Gem

GOMBE — Daga cikin ƙananan sana'o'in da matasa suka runguma a unguwar Bagadaza da sauran unguwannin birnin Gombe akwai buɗe gidan wasan bidiyo, wanda aka fi sani da gidan gem. Jarin sana'ar a bayyane yake: shago, akwatunan talabijin, na'urorin PlayStation, benci da janareta. Samari su biya kuɗi su buga ƙwallon ƙafa a allo, wanda aka ci ya tashi wani ya zauna. Amma akwai abu guda da ba kasafai yake shiga lissafin mai zuba jarin ba, alhali kuwa yana iya tsayar da ciniki ranar da shago ya cika maƙil, watau kwaɗon da kamfanonin wasannin suke sanyawa domin hana kwafar hajarsu.

Wannan kwaɗo ya daɗe. A shekarar 1985, lokacin da kamfanin Nintendo na Japan ya shiga kasuwar Amurka, ya dasa wata 'yar na'ura a cikin akwatin wasansa, wadda ba ta barin kaset ya yi aiki sai ta gane cewa na kamfanin ne. Kamfanin Sony, wanda ya fito da PlayStation a 1994, ya bi wata hanyar dabam. Ya sanya alama a jikin faifansa wadda na'urar kwafi ta gida ba ta iya maimaitawa, kuma alamar tana ɗauke da shaidar yankin da aka yi faifan dominsa, ko Japan, ko Amurka, ko Turai. Saboda haka wanda ya sayi na'urar gwanjo da ta fito daga Amurka, ya kuma sayi faifai na asali da aka yi wa Turai, sai ya tarar ba su jituwa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa masu gyara a kasuwannin ƙasar nan suka ƙware wajen buɗe na'urar su liƙa mata wata 'yar na'urar da ke rufe wa kwaɗon ido. Ba duk wanda ya kai na'urarsa wurinsu ne ɓarawo ba, ko da yake gaskiyar magana ita ce arhar kwafaffen faifai ce ta fi jan akasarinsu.

Abin lura game da wancan zamani shi ne, kwaɗon a jikin kaya yake. Wanda ya sayi faifai na asali ya gama magana da kamfani, ya tafi da abinsa duk inda ya ga dama. Bayan da intanet ta yaɗu sai aka ɗauke makullin daga jikin kayan aka mayar da shi hannun kamfani, ya zama wasan sai ya nemi izini daga manyan kwamfutocin kamfanin kafin ya buɗe. Daga nan ne rigima ta tashi tsakanin kamfanoni da masu sayen hajarsu.

A watan Satumba na 2008 kamfanin Electronic Arts ya fitar da wani wasan kwamfuta mai suna Spore, da sharaɗin cewa sau uku kacal mai saye zai iya ɗora shi a kan kwamfuta. Masu sharhi na jaridu da mujallu sun yaba wasan, amma masu saye suka yi dafifi a shagon Amazon suka ba shi tauraro ɗaya, watau maki mafi ƙanƙanta, har sama da mutum 2,000. Kusan dukkansu ba wasan suka kushe ba, sharaɗin suka kushe. Kamfanin ya ƙara adadin zuwa biyar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin an ɓalle kwaɗon tun kafin ranar da wasan ya shiga kasuwa, kuma kwafin sata ba shi da wani sharaɗi. A 2010 kamfanin Ubisoft na Faransa ya ƙara tsanantawa a wasan Assassin's Creed II na kwamfuta, inda ya wajabta kasancewa a kan intanet duk tsawon wasa. Da kwamfutocin kamfanin suka samu matsala a watan Maris na shekarar, waɗanda suka biya kuɗinsu ne suka kasa wasa. A 2012 kamfanin ya bayyana cewa ya yi watsi da tsarin.

Sai dai darasin da ya fi shafar ɗan kasuwa mai dogara da sharhin jaridu kafin ya sayi kaya shi ne na SimCity, wanda Electronic Arts ya fitar ran 5 ga watan Maris na 2013. Shi ma ba ya buɗewa sai da intanet. Kafin ranar fitowa an ba wasu 'yan jarida damar gwada shi, a lokacin da babu cunkoso a kwamfutocin kamfanin, kuma komai ya tafi daidai. Jaridar Polygon ta Amurka, wadda ake bugawa a intanet, ta ba shi maki 9.5 cikin 10. Da jama'a suka sayi wasan suka yi wa kwamfutocin rubdugu, sai suka kasa ɗauka, mutane suka yi ta jira a layi, wasu kuma aikin da suka yi ya ɓace. Polygon ta rage makin zuwa 8, sannan cikin 'yan kwanaki ta mayar da shi 4. Daga baya, bayan an yi gyare-gyare, ta ɗaga shi zuwa 6.5. Amazon ya dakatar da sayar da wasan na ɗan lokaci, kamfanin ya ba masu saye kyautar wani wasan domin ba da haƙuri, kuma sai a watan Maris na 2014 ya yarda a yi wasan ba tare da intanet ba. Wasa ɗaya, jarida ɗaya, maki huɗu mabambanta. Wanda ya karanta sharhin farko ya fitar da kuɗinsa, abin da ya saya ba shi ne abin da mai sharhin ya gwada ba.

Idan haka ta faru a ƙasashen da wuta da intanet ba sa yankewa, to mai shago a Bagadaza yana da ƙarin abin tunani. A watan Afrilu na 2024 ɓarayi sun lalata turakun babban layin wutar lantarki da ya taso daga Jos zuwa Gombe, abin da ya jefa yawancin Arewa maso Gabas cikin duhu na tsawon makonni. Janareta na maganin wannan, duk da tsadar fetur tun bayan cire tallafi ran 29 ga watan Mayu na 2023. Abin da janareta ba ya magani shi ne yankewar intanet, kamar yadda aka gani ran 14 ga watan Maris na 2024, sa'ad da wayoyin sadarwa na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ko kuma a watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda dalilan tsaro. Daɗin daɗawa, a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 daga cikin 100. Ke nan wasan da ke neman izini daga waje yana da kuɗin ciyarwa na kullum, kuma ranar da sabis ya ɗauke, fetur na ƙonewa, haya na tafiya, allo kuma yana nuna saƙon haƙuri. Mai sharhin da ke zaune a London ko Los Angeles ba ya auna wannan, domin ba matsalarsa ba ce.

Akwai kuma wani kwaɗon mai suna Denuvo, na wani kamfanin ƙasar Ostiriya, wanda ya fara bayyana a 2014 a wasan ƙwallon ƙafa na FIFA 15. Shi ya fi shafar wasannin kwamfuta, saboda haka masu sayar da kwamfutar tafi-da-gidanka da masu ɗora wa jama'a wasanni su ne suka fi cin karo da shi. Masu wasa sun daɗe suna zargin cewa yana nauyaya wa kwamfuta, kamfanin kuma yana musantawa, yana cewa idan an dasa shi yadda ya kamata ba a jin bambanci. Amma a watan Yuli na 2021 masu gwaji na Digital Foundry sun tabbatar da cewa kwafin sata na Resident Evil Village ya fi na asali tafiya sumul, domin an kashe kwaɗon da kamfanin Capcom ya haɗa da na Denuvo. Capcom ya fitar da gyara cikin gaggawa. A watan Oktoba na 2023 kuma aka lura cewa Ubisoft ya sanya Denuvo a wasan Assassin's Creed Mirage ne ta hanyar gyaran ranar fitowa, bayan 'yan jarida sun riga sun gwada sun buga sharhinsu. A kasuwar hatsi, wannan daidai yake da a nuna wa dillali samfuri daga wani buhu, a auna wa mai saye daga wani. Shi ya sa ranar da aka rubuta sharhi take da muhimmanci kamar makin da ke cikinsa.

Ba za a yi wa kamfanonin adalci ba idan aka ce tsoronsu ba shi da tushe. Wani bincike da William Volckmann ya wallafa a 2024 ya nuna cewa idan aka ɓalle Denuvo da zarar wasa ya fito, kamfani kan yi asarar kimanin kashi 20 daga cikin 100 na kuɗin shigarsa, amma idan kwaɗon ya kai mako 12 ba a ɓalle shi ba, ɓallewar bayan nan kusan ba ta rage komai. 'Yan kasuwar Arewa ba sa bukatar a je da nisa wajen neman misali. Masana'antar finafinan Hausa ta Kano ta ginu ne a kan sayar da kaset, daga baya faifai, ta hannun 'yan kasuwar Ƙofar Wambai. Faifan ba shi da wani kwaɗo, kuma da masu tura fim a waya suka bazu a kowace tasha da bakin kasuwa, cinikin faifan ya durƙushe, furodusoshi suka koma YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24. Satar fasaha tana kashe sana'a, wannan ba abin musu ba ne. Abin da binciken na Volckmann ya fito da shi shi ne cewa amfanin kwaɗo na 'yan makonni ne, ga shi kuwa wasu kamfanonin kan bar shi shekara da shekaru, lokacin da babu wanda yake takura wa sai mai gaskiya.

Shi kuwa makin masu saye, ya zama makami. A watan Mayu na 2024 Sony ya ba da sanarwar cewa masu wasan Helldivers 2 a kwamfuta dole su yi rajista da PlayStation Network, alhali Nijeriya da akasarin ƙasashen Afirka ba sa cikin jerin ƙasashen da ake buɗe wannan rajista a lokacin. An dakatar da sayar da wasan a shagon Steam a ƙasashe sama da 170. Cikin 'yan kwanaki masu wasa suka zuba masa mummunan sharhi fiye da 200,000, kuma ran 6 ga watan Sony ya janye sharaɗin. Irin wannan maki ba ya gaya wa ɗan kasuwa ko wasan yana da daɗi, amma yana gaya masa abin da 'yan jarida suka tsallake, kuma sau da yawa wannan ne ya fi shafar aljihunsa.

Da yawa daga masu gidajen gem kan ga cewa mafita ita ce tsohuwar hanya, watau a kai na'ura wurin mai gyara ya buɗe ta, a cika ta da wasanni. A nan ya kamata a san cewa doka ta canza. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali daga dokar soja mai lamba 47 ta 1988. Sashe na 50 na sabuwar dokar ya haramta ɓalle irin wannan kwaɗo, ya kuma haramta ƙera, shigo da, ko sayar da kayan ɓalle shi. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke da alhakin aiwatarwa. Bugu da ƙari, Sony kan toshe wa na'urar da aka gano an buɗe ta hanyar shiga hidimominsa na intanet, wanda ke rage mata daraja ranar da za a sayar da ita.

Saura wanda ya bi hanyar halas ya sayi faifai na asali ya jera a kanta. Shi ma akwai abin dubawa a bayan kwalin kafin ya biya, domin a nan ake rubuta ko wasan yana bukatar intanet. Wasan tseren motoci na The Crew, wanda Ubisoft ya fitar a watan Disamba na 2014, an sayar da shi a faifai, amma ba ya aiki sai da kwamfutocin kamfanin. Ran 31 ga watan Maris na 2024 kamfanin ya kashe su, kuma daga ranar duk faifan wasan da ke hannun jama'a ko a kantin ɗan kasuwa ya daina buɗewa. Wannan ne ya haifar da wata takardar koke a Tarayyar Turai, mai neman a hana kamfanoni kashe wasan da suka riga suka sayar, wadda ta haura sa hannu miliyan 1 a watan Yuli na 2025.