Kwamfutarka Tana Neman F1 Kullum? Duba Batirin BIOS Kafin Ka Yi Fomatin

Darasinmu na yau ya samo asali ne daga wani shagon buga takardu a garin Roni, inda na tarar da mai shagon yana shirin kai kwamfutarsa Kazaure a yi mata fomatin. Tsohuwar Dell OptiPlex ce, irin 'yan kwatanon da ake sarowa daga Kano. Kullum ya kunna sai ta tsaya tana neman a danna F1, ranar nan kuwa ta ƙi shiga Windows sam. Takardun mutane na shekaru suna ciki, alhali abin da ya mutu batiri ne mai girman kwabo.

BIOS ita ce manhajar da ke fara tashi kafin Windows, tana zaune ne a kan madabod. Saitinta da agogon kwamfutar suna dogara da ɗan batiri mai lamba CR2032, mai ƙarfin bolt 3. A yawancin kwamfutocin tebur, muddin wayar wuta tana jone kuma akwai wuta, ko da an kashe na'urar, ba a cin batirin sosai. Mu kuwa nan, da an kashe janareta shi ke nan, batirin ne zai ɗauki nauyin har gobe. Shi ya sa yake saurin mutuwa a wajenmu, balle ma ya tsufa tun kafin ya baro Turai.

Alamar farko kwanan wata ne ya koma shekarun baya. Dell takan rubuta "System battery voltage is low", HP kuma "163-Time & Date Not Set". Idan kwanan wata ya karkace, Chrome zai riƙa ƙin buɗe shafuka yana cewa babu tsaro, har da shafin JAMB, sai ka yi ta zagin netiwok ba laifinsa.

Kashe kwamfutar, cire wayar wuta, ka danne madannin kunnawa na daƙiƙa goma. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu ciki, musamman da hunturu, lokacin da jiki ke tara lantarki. Tura ɗan ƙarfen da ke riƙe batirin, zai ɗago da kansa. Sa sabo, gefen da ke da alamar + yana sama. Masu gyaran agogo sukan sayar da shi. Tunda ka buɗe, ka hure ƙurar ma.

To, a nan ne mutane da yawa ke yin asara. Idan batiri ya mutu ko an canja shi, saitin BIOS yakan koma yadda ya fito daga kamfani, wanda ba lallai ya dace da yadda aka ɗora Windows ɗinka ba. Da ka kunna, ka yi ta danna F2 a Dell, F10 a HP, ko Delete a wasu. Gyara kwanan wata da lokaci. Daga nan nemi "SATA Operation" a Dell, ko "SATA Emulation" a ƙarƙashin Storage a HP. Za ka ga AHCI da kuma ATA ko IDE. Windows ɗin da aka ɗora a kan ɗaya ba ta yarda ta tashi a kan ɗayan. Sai ta nuna shuɗin allo mai lamba 0x0000007B a Windows 7, ko ta yi ta sake kunna kanta. Rumbun ajiyarka lafiyarsa ƙalau. Canja zuwa ɗayan, ka adana, ka gwada. Abin da ya ta da ta Ronin ke nan.

Idan kuma ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba, duba jerin Boot, ka tabbata rumbun ajiya ne a farko, ka zare duk filashin da ke jiki. Samfuran da suka fito daga wajen 2011 suna da zaɓin Legacy da UEFI, shi ma a gwada ɗayan. Abu ɗaya za ka riƙa canjawa a lokaci guda, kuma ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka kafin ka taɓa.

Sabunta BIOS ɗin kanta kuwa, ban ba ka shawara ba in babu UPS ko inbata mai ƙarfi. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, madabod ɗin na iya mutuwa, kuma batiri ba zai tashe shi ba.