Wane lokaci ake zuwa kallon namun daji a gandun Custer?

Wannan tambaya daga wani mai sauraronmu ne a Azare. Ya ce ya ji cewa a Amurka jihohi ma suna da nasu gandun daji, to shin a wane lokaci ne mutane ke zuwa kallon dabbobi?

To Malam, gaskiya ne. Akwai gandayen gwamnatin tarayya kamar Yellowstone, akwai kuma na jihohi, kamar yadda Yankari ke hannun jihar Bauchi tun 2006. Mu ɗauki gandun Custer da ke jihar Dakota ta Kudu, mai faɗin eka 71,000, inda ake kiwon bauna irin ta Amurka kusan 1,300.

A watan Afrilu da Mayu suke haihuwa, sai ka ga 'yan maruƙa jajaye biye da uwayensu. A Yuli da Agusta kuwa lokacin barbara ne, mazan na faɗa, kuma ɗaya kan kai kilo 900. Wannan ba lokacin da za ka sauko daga mota don ɗaukar hoto ba ne, domin duk da nauyinta bauna ta fi mutum gudu nesa ba kusa ba.

Babban taron shi ne na ƙarshen Satumba, lokacin da mahaya dawakai ke koro garken zuwa cikin shinge, a duba lafiyarsu, a yi musu rigakafi. Wasu kuma a sayar da su a gwanjo a watan Nuwamba, don kada su fi ƙarfin ciyawar gandun.

Idan kallo kake so cikin natsuwa, ka je da sassafe ko da yamma lis.