Kafin Ku Nemi Abokin Tafiya: Nasiha ga Matasan Kanan Bakashe

 Labarin ƙungiyar da kuke shirin kafawa domin gyaran unguwanni da ciyar da garinmu gaba ya iso gare ni, kuma ya faranta mini rai ƙwarai. Na ji kuma hankalinku ya fi karkata ga tambaya guda: wace ƙungiyar waje ce za ta ba mu kuɗi? Ba laifi ba ne ku yi wannan tambaya, sai dai akwai biyu da suka riga ta. Me muke da shi a hannu? Wa zai riƙe aikin ranar da baƙo ya koma gida?

Ƙasarmu ta Mayahi ba baƙuwar ayyukan raya karkara ba ce. Tun kafin zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, tana cikin wuraren da aka fara gwada damƙa wa jama'a ragamar ayyukan yankinsu, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Mun ga alheri mai yawa: rijiyoyi, azuzuwa, ɗakunan shan magani. Mun kuma ga famfon da ya tsaya saboda ƙaramin ƙarfe ya lalace, da rumbun tsimin da aka cika da gero sau ɗaya, aka raba bashi, ba wanda ya mayar. Dalilin a fili yake. Aikin tallafi yana da wa'adi, shekara uku ko biyar ya naɗe tabarmarsa, alhali famfo yana buƙatar gyara muddin ana shan ruwansa. In ba a tanadi mai gyara da kuɗin gyara tun farko ba, ranar bikin buɗewa ita ce farkon lalacewa.

Yanzu ku dubi abubuwa biyu da suka ɗore a jiharmu ta Maraɗi har duniya ta zo koyo. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aikin Mata Masu Dubara. Ba ta zuba kuɗi a asusun matan ba. Tsari ta koyar, a kan adashen da iyayenku mata suka riga suka sani: zubi kowane mako, rance ga mai bukata, lissafi a gaban kowa, rabo a ƙarshen zango. Yau ana bin wannan hanya a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Na biyu shi ne sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa tare da manoma a 1983: ka bar tohon kututture a gona, ka zaɓi masu ƙarfi, ka yi musu aski su zama itace. Bayan yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sake sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu su ne suka ga amfanin gawo da kalgo a gonarsu: itacen girki, abincin dabbobi, kariya daga iskar da ke binne shuka. Daga gare su maƙwabta suka kwaikwaya, har aka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A duka biyun baƙo ya kawo dabara, amma aikin da amfaninsa na masu gida ne. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka ku fara da zagaya garinku da ƙafa, da takarda a hannu. Ku rubuta inda ruwa ke kwanciya da damina, da inda shara ta toshe hanya, da rijiyoyin da ke aiki da waɗanda suka mutu, da azuzuwan zana da ake sake ɗaurawa kowace shekara. Ku rubuta kuma arzikinku, domin shi ne aka fi mantawa: magina, maƙera, masu amalanke, malaman da suka yi ritaya, ƙungiyoyin mata masu asusu, da 'yan'uwanku da ke cirani a Najeriya, Libiya da Aljeriya. Mai cirani ba ya ƙin aiko da gudummawa in ya tabbata za ta isa inda aka ce.

Daga nan ku zaɓi aiki ɗaya, in ya yi yawa biyu. Ƙungiyar da ta ce za ta magance ruwa da ilimi da lafiya da noma a shekara guda, gajiya za ta yi kafin kaka. Ku ɗauki abin da za ku iya gamawa da gayya da ɗan zubinku, ko cike kwari ne a hanyar kasuwa, ko gyaran famfo guda. A rubuta wanda zai yi me, da yaushe, da nawa zai ci, da inda kuɗin gyara zai fito nan gaba. Aiki ƙarami da aka kammala ya fi kowace takardar neman tallafi iya magana a gaban abokin hulɗa.

Ku kula da waɗanda za su zauna a kan tabarmar shawara. Ku kai gaisuwa ga Sarki da masu gari da limamai tun kafin magana ta fita, domin abin da aka yi da saninsu su ne za su tsare shi. Iyayenku mata kada ku kira su don cika hoto. Su ke ɗebo ruwa, su ke kai yaro asibiti cikin dare, sun san inda ciwon gari yake, kuma sun nuna sun iya riƙon amana. Ku kira makiyaya, Fulani da Buzaye, duk lokacin da aiki ya shafi fili, rijiya ko burtali. Mu da muka ji ɗacin abin da ya faru a Toda a 1991, inda rikicin noma da kiwo ya ci rayuka masu yawa, ba ma son ku ɗauki wannan da wasa. Duk filin da aka ba ƙungiya, ko kyauta ce daga mai kyakkyawar niyya, a yi masa takarda a hukumar kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada. Mai kyauta zai rasu wata rana, kuma takarda ce za ta hana magada da ƙungiya ɓatawa.

Abokan tafiyarku na farko ba a Yamai ko Turai suke ba, maƙwabtanku ne. Ku dubi Gulbin Kaba. Kabar da mata ke yanka su saƙa tabarma da igiya ita ce goribar gobe, in an bar ta ta girma. Gari ɗaya ba zai iya tsare ta ba matuƙar na kusa da shi yana yanka ba ƙa'ida. Dole a zauna da garuruwan da ke bakin gulbin, a yarda da wurin yanka da lokacinsa da wurin da za a bari ya huta. Mutanen Ɗan Saga a ƙasar Agye sun kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa maza da mata da makiyaya. Tafiya ba ta da nisa; ku je ku gani da idonku, ku tambaye su inda suka yi tuntuɓe.

Sannan hukuma. Kowace ƙaramar hukuma tana da kundin tsarin ci gabanta, kuma masu tallafi irin su asusun FIDA, da ya daɗe yana aiki da manoman jihar Maraɗi, sukan duba shi. Ku yi rajistar ƙungiyarku, ku nemi aikinku ya shiga kundin. Masu riƙe ofis suna canzawa: a 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo. Don haka ku ƙulla hulɗa da ofishi a rubuce, ba da mutum ɗaya a baki ba, kuma ku nisanta ƙungiyarku da rigar kowane ɓangare na siyasa.

In babban abokin hulɗa ya zo, ku karɓe shi da mutunci, ku kuma yi masa tambaya ba tare da jin kunya ba. Shekara nawa zai yi? Me yake so mu kawo? Kayan da zai girka, ana samun abin gyaransu a Tasawa ko Maraɗi, ko sai an aika ƙasar waje? Zai koya wa yaranmu gyara? Abokin kirki yana jin daɗin irin waɗannan tambayoyi. In abin da ya kawo bai dace da tsarinku ba, ku yi godiya ku faɗa masa bukatarku ta gaskiya. Karɓar abin da ba ku nema ba yakan zama kaya a wuyanku.

Na bar maganar kuɗi a ƙarshe domin nan ne ƙungiyoyi ke mutuwa. Kada mai riƙe kuɗi ya zama shi ne mai riƙe littafi. Kada a fitar da ko dala sai da hannun mutum biyu. A karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata, da Hausa, yadda tsohuwar da ba ta shiga makaranta ba za ta gane. A sa wa'adi ga shugabanci, a kuma girmama shi. Ku yi hattara da kuɗin zaman taro: ranar da mutane suka saba ba sa zuwa sai an biya su, gayya ta ƙare a garin. Dukiyar jama'a amana ce, akwai hakkin maraya da na gwauruwa a cikinta, kuma za a tambaye ku.

'Ya'yana, rani shi ne lokacin wannan aiki, kafin ruwa ya sauka kowa ya koma gona. Ku sa ranar zagayen gari, ku fara zubi da abin da ya sawwaƙa, ku gama aikinku na farko da hannunku. Mu dattawa muna nan, duk ƙofar da ta yi muku nauyi ku zo mu tafi tare. Allah Ya haɗa kawunanku, Ya tsare ku daga son zuciya, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.