Amsoshin Tambayoyinku: Kotun Ƙoli na Iya Sauya Tsarin Mulki?

Wannan tambaya ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Daura.

To Malam, sauyawa aikin majalisu ne, ita kotu fassara ce tata. Sai dai fassarar kan yi nisa. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta. Amma ranar 11 ga Yulin 2024, zaman alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli ya yanke cewa gwamnoni na danne kuɗin, don haka a riƙa tura wa irin su Daura, Baure da Zango kasonsu kai tsaye, muddin zaɓaɓɓu ne ke shugabanci, ba kantomomi ba. Wasu lauyoyi sun ce kotun ta wuce gona da iri, amma sashe na 235 ya toshe hanyar ɗaukaka ƙara.